Amsar Wasiƙunku: A Gano Ciwon Mota Kafin A Sayi Kayan Gyara

 

Wasiƙar yau ta zo mana daga wani ɗan kasuwa a yankin Kura ta Jihar Kano, mai kai tumatir kasuwar 'Yankaba. Ya ce yana da tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot 504. Da asuba tana tashi lafiya lau, amma da an yi tafiyar kamar rabin awa sai ta fara shaƙewa, ta mutu. In ta huta sai ta sake tashi. Ya sake filogi, ya sake kwail, har kafireta ya saya, amma ciwo na nan. Sau biyu tumatir na lalace masa a hanya. Yana tambaya, ya sa a sauke inji ne, ko ya sayar da motar ya huta?

To Malam, Allah Ya mayar maka da alheri. Amma kada ka sauke inji, kada kuma ka sayar tukuna. Abin da aka yi maka gyaran canki-canka ne. Na kai wasiƙarka wurin wani tsohon bakanike, ga abin da muka tattauna.

Injin fetur abubuwa huɗu yake bukata: wuta, mai, iska da matsi. In ya mutu, ɗayansu ne ya yanke. Aikinka ka gano wanne ne, ɗaya bayan ɗaya, ka fara da wanda ba ya cin kuɗi. Kuma a daidai lokacin da ta mutu za ka duba, don in ta huce ciwon ya ɓuya. Shi ya sa ba a ganinsa a gareji.

Da farko ka gangara gefen hanya, ka fitar da giya, ka ja birkin hannu, ka murɗa makulli ka saurara. In inji bai juya ba, sai ɗan ƙas-ƙas kake ji, fitilu kuma sun dushe, to batir ne ko kawunansa. Ka kankare farin garin da ya taru a kai, ka ɗaure su tamau. Cikakken batir yana nuna kusan 12.6 a ma'auni, in inji na aiki kuwa ya kai wajen 14. In inji na juyawa da ƙarfi amma ya ƙi kamawa, ka ƙyale batir, ba shi da laifi.

Na biyu, wuta. Ka zare wayar da ta taho daga kwail zuwa tsakiyar distiributa, ka riƙe ta da busasshen tsumma, ka kusantar da bakinta ga ƙarfen inji, yaron mota ya murɗa makulli. Ka tabbata babu fetur a zube kusa. In ka ga tartsatsi shuɗi yana tsalle, wuta lafiya. In babu, ko ya fito ja marar ƙarfi, sai a duba kwantak da kwandensa. Kwandensa ɗan ƙaramin abu ne mai araha, amma yakan gaza in ya ɗau zafi, ya dawo in ya huce. Tazarar kwantak a 504 milimita 0.4 ce.

Na uku, mai. Ka buɗe murfin tanki kana kasa kunne. In ka ji iska ta shige fuu, mota kuma ta tashi nan take, to kafar da tanki ke shan iska ce ta toshe, famfon mai ya kasa jawowa. In ba haka ba, ka cire murfin matatar iska, ka leƙa maƙogwaron kafireta, inji a kashe, wani ya taka totur. Ya kamata ka ga fetur ya yi tsartuwa. In babu, ka bi tiyo baya zuwa matatar mai. Masu shan man jarka a bakin hanya sun san wannan: datti yakan taru ya toshe matata, in an tsaya ya kwanta, mota ta tashi, can gaba ya sake toshewa.

Na huɗu, iska. Ƙurar hunturu da hanyar burji suna cika matatar iska, inji ya rasa numfashi, ya dinga zuƙar mai. Ka kakkaɓe ta ko ka sake ta.

Matsi shi ne na ƙarshe, kuma aikin bakanike ne mai ma'auni. Amma salansa za ta ba ka labari. Baƙin hayaƙi, fetur ya yi yawa. Shuɗi, inji na ƙona baƙin mai, watau ringi sun ci. Fari mai kauri da ba ya yankewa, ga ruwan lagireto na raguwa, gasket ne. Kada dai ka buɗe lagireto da zafinsa, mutane da yawa sun ƙone ta nan.

Malam, ba ka ambaci hayaƙi ba, kuma ka ce tana tashi da ƙarfinta da asuba. Injin da ya gaji ba ya haka. Zatona ya fi karkata ga murfin tanki, matatar mai da kwandensa, kuma duka ukun ba su kai kuɗin kafiretar da ka saya ba. Amma zato ne, sai ka gwada. Abu ɗaya za ka taɓa, ka yi tafiya ka gani, sannan ka taɓa na gaba. In ka sake uku a lokaci guda, ko ta gyaru ba ka san mai laifin ba.

Masu motocin zamani marasa kafireta, kada ku zare waya ku yi gwajin tartsatsi, kuna iya lalata kwamfutar motar. Ku je a sa mata na'urar bincike. Masu injin ban ruwa na fetur kuwa, tsarin duka ɗaya ne: wuta, mai, iska, matsi.

Malam, ka rubuto mana abin da ka samu don wasu su ƙaru. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.