Injin Fetur a Gida da Fadama: Yadda Za Mu Kula da Shi Ba Tare da Ya Cutar da Iyalinmu Ba

Jawabin da aka gabatar a taron reshen Ƙungiyar Malamai ta Najeriya a Gafasa

 



Wataƙila wani zai yi mamakin ganin malamin firamare ya miƙe a taron ƙungiya zai yi magana a kan inji, alhali ga batun albashi da ƙarin girma da gyaran azuzuwa suna jiranmu. Dalilinmu shi ne wani yaro ɗan aji biyar. Bayan hutun zangon farko ya dawo makaranta hannunsa na dama a naɗe da tsumma, ba ya iya riƙe alƙalami. Da muka bincika sai muka tarar mahaifinsa ne ya aike shi ya ƙara wa injin ban ruwa mai a lambu, injin kuwa yana aiki. Fetur ya ɗiga a kan salansa, wuta ta kama hannun rigarsa. Allah ya tsare ransa, amma ya yi kusan wata biyu yana zaune a aji yana kallon 'yan uwansa suna rubutu. Tun daga ranar muka ƙudurta cewa wannan magana ta shiga cikin aikinmu.

In muka duba gidajenmu, kusan babu wanda ba ya hulɗa da ƙaramin injin fetur. Albashin malami ba ya kai shi ƙarshen wata sai ya haɗa da noma, don haka da yawanmu muna da injin ban ruwa na noman rani. Wasu matanmu na da injin markaɗe a zaure. Ga janareta na cajin waya da kunna fanka a lokacin bazara. Injin yanke ciyawa da ake gani a manyan makarantu da gidajen gwamnati a birnin Kano shi ma ɗan wannan dangi ne, kuma dokar kula da su duka ɗaya ce. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai da na gyara suka yi tashin gwauron zabo, sai kowa ya koma bakaniken kansa. Babu laifi a cikin haka, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Laifin yana ga gyaran da babu sani a cikinsa.

Bari mu fara da yadda injin yake aiki, tun da mu malamai ne, ba ma son haddar da babu fahimta. Kafireto yana cakuɗa fetur da iska. Fistin ya zuƙo wannan cakuɗe zuwa cikin silinda, ya matse shi, sai fulogi ya ba da tartsatsi, cakuɗen ya kama da wuta ya tura fistin ƙasa, sannan hayaƙi ya fita ta salansa. Wannan yana maimaituwa da saurin da ido ba ya iya gani, domin injin yakan juya kimanin sau 3,000 zuwa 3,600 a cikin minti ɗaya. Ashe ke nan abin da muke ajiyewa a tsakar gida wuta ce a ɗaure cikin ƙarfe. Daga nan ne haɗurra huɗu suke fitowa: gobara, hayaƙi mai guba, ƙarfe mai juyawa, da kuma lantarki.

Haɗari na farko shi ne fetur kansa. Mutane da yawa sun ɗauka ruwan fetur ne yake kamawa da wuta, alhali tururinsa ne. Wannan tururi yana tashi ko da a tsakiyar sanyin hunturu, kuma ya fi iska nauyi, saboda haka yakan kwanta a ƙasa ya yi ta rarrafe har ya isa murhu ko fitilar ƙwai ko guntun taba. Mutum yana iya zuba mai a wannan kusurwa, wuta ta taso masa daga waccan. Ba mu manta da abin da ya faru a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa ba, a watan Oktoba na 2024, lokacin da tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru suna kwasar fetur, wuta ta tashi ta hallaka mutum fiye da 150. Allah ya jiƙansu. Tururin da ya ci waɗannan bayin Allah shi ne wanda yake fita daga galan ɗin da ke ƙarƙashin gadon wani daga cikinmu.

Saboda haka, kada a ƙara wa inji mai yana aiki. A kashe shi, a bar shi ya huce na 'yan mintoci, sannan a zuba da mazurari, a fili, nesa da wuta. Kada a cika tanki har baki, domin mai yana kumbura in ya ji zafi. In ya zube a jikin injin a goge, a jira ya bushe kafin a ja igiya. In da dare ne a haska da tocila, ban da ashana ko aci-balbal. Kada a ajiye fetur a ɗakin kwana ko kusa da madafa, kada kuma a zuba shi a robar ruwa ko ta lemo, domin yaro ƙarami ba ya bambancewa. Zuƙo mai da baki ta tiyo kuwa al'ada ce da ya kamata mu binne ta, domin ɗan kaɗan in ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana iya kwantar da shi a asibiti.

Haɗari na biyu ya fi na farko mugunta, domin ba ya sallama. A cikin hayaƙin kowane injin fetur akwai wata iska mai guba da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga huhu sai ta manne wa jini fiye da yadda iskar numfashi ke mannewa har sau fiye da 200, jiki ya rasa abin da yake rayuwa da shi. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abubuwan da kowa zai ɗauka zazzaɓi ne ko gajiya. Mai barci kuwa ba ya jin komai, daga barcin sai lahira. Mun sha jin labarin iyali guda da aka wayi gari an tarar da su a mace, janareta na aiki a zaure ko a lungun ɗaki, an shigo da shi don tsoron ɓarawo ko ruwan sama. Hukumomin lafiya na Amurka suna ba da shawarar a ajiye janareta a waje, aƙalla ƙafa 20 daga gida, wato kimanin mita 6, bakin salansa yana kallon wani ɓangare dabam da ƙofa da taga. In ɓarawo muke tsoro, sarƙa da kwaɗo da 'yar rumfa mai shan iska ta kowane gefe sun isa. Wanda kuma yake saukar da injin ban ruwa cikin rijiya ko rami mai zurfi don ya kusanci ruwa, ya sani hayaƙin yana taruwa a ramin, kuma shi zai shaƙa in ya shiga duba injin.

Haɗari na uku shi ne ƙarfe mai juyawa. Ga ƙa'ida guda da muke roƙon kowa ya koma gida da ita: kafin ka sa hannu a jikin inji don gyara, ka kashe shi, ka rufe famfon mai, sannan ka zare hular fulogi ka kauda ita gefe. Injin da aka zare wa hular fulogi ba zai tashi ba ko da hannunka ya juya shi bisa kuskure. Wannan ya shafi mai share wuƙar injin yanke ciyawa, ya shafi mai cire tarkace daga fankar injin ban ruwa, ya shafi mai gyara bel na injin markaɗe. A wajen injin markaɗe muna da kira na musamman ga iyayenmu mata da 'ya'yanmu mata: hijabi mai tsawo da mayafi da bakin zane suna iya naɗewa a bel cikin ƙiftawar ido. A ɗaure su tamau kafin a matsa kusa, a sa wa bel ɗin murfi, kada kuma a tura hatsi ko tattasai cikin bakin injin da yatsu. Maza kuma, babbar riga ta zuwa masallaci ce da taro irin wannan, a tuɓe ta kafin a tunkari inji.

Haɗari na huɗu lantarki ne. Kada a taɓa janareta da jiƙaƙƙen hannu ko a tsaya cikin ruwa ana haɗa waya. Wayar da ta ɓare a sauya ta, kada a naɗe ta da leda. A gidajen da wutar KEDCO ta kai, a sa makunnin sauya layi, domin janaretan da aka haɗa kai tsaye da wayar gida yana iya mayar da wuta kan babban layi ya kashe ma'aikacin da ke bisa turke.

Yanzu sai mu zo ga sabis, wanda shi ne yake tsawaita ran inji ya kuma rage mana zuwa wurin bakanike. Injinanmu iri biyu ne. Akwai ƙaramin janareta irin su Tiger, wanda ake cakuɗa masa baƙin mai a cikin fetur. Yawancinsu ma'auninsu kashi ɗaya na baƙin mai ne cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 20 a kowace lita, ko mililita 100 a lita 5. A duba abin da aka rubuta a jikin tankin, a auna, a daina zubawa da ka. In baƙin mai ya yi kaɗan fistin zai ƙone, in ya yi yawa fulogi zai toshe, hayaƙi ya turnuƙe gida.

Iri na biyu shi ne mai ma'ajiyar baƙin mai dabam, kamar Honda GX160 da ire-irensa da ke jikin yawancin injinan ban ruwa da na markaɗe. Wannan yana ɗaukar baƙin mai kimanin lita 0.6. Sabon inji a sauya masa mai bayan awa 20 na farko, daga nan kuma duk bayan awa 100 ko wata shida. A duba mai kullum kafin a tayar, injin yana zaune a kan shimfiɗaɗɗen wuri. A tsiyaye tsohon mai injin na da ɗumi, a tara shi a gwangwani, kada a zubar a gona ko kusa da rijiya. Soson tace iska a wanke shi da ruwa da sabulu, a shanya ya bushe sarai, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a matse. A lokacin ƙurar hunturu yana bukatar wanki akai-akai, kuma injin da ake tayarwa babu wannan soso yashi yake sha. Fulogi a kwance shi bayan injin ya huce, a goge baƙin da ya taru, a tabbatar ratar bakinsa tana tsakanin milimita 0.7 da 0.8. Wajen mayarwa a fara ɗaurawa da hannu kafin a sa sifana, don kada a ci zaren.

Injin ban ruwa yana da tasa dokar: a cika cikin famfon da ruwa kafin a tayar, domin in ya yi aiki a bushe robar da ke tare ruwa za ta ƙone. In an gama aikin rani za a ajiye shi, a tsiyaye fetur daga tanki da kafireto, domin man da ya daɗe yana zama danƙo ya toshe hanya. Man da muke saye a hannun 'yan bumburutu kuma a tace shi da tsumma mai tsabta. Aikin da ya wuce waɗannan, kamar buɗe silinda ko taɓa wayoyin cikin janareta, a kai wa mai sana'a. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In kuwa ƙaddara ta faɗa, ga abin yi. Wutar fetur ba a zuba mata ruwa, domin fetur yana hawa kan ruwa ya bazu da wutarsa. Yashi ake zuba mata, don haka a ajiye bokitin yashi kusa da kowane inji. Wanda tufafinsa suka kama kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna a yi ta kwarara mata ruwa mai sanyi mai tsabta har tsawon minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da baƙin mai, sannan a rufe da tsumma mai tsabta a nufi asibiti. Yaron da ya sha fetur ko kalanzir kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, a garzaya da shi asibiti. Wanda hayaƙi ya buga a fito da shi fili nan take, a kashe injin, a kai shi asibitin Gaya ko wanda ya fi kusa, ko da ya ce ya ji sauƙi.

'Yan uwa, ga roƙonmu ga wannan reshe. Na farko, kowane malamin Kimiyya da Fasaha ya ware darasi guda a wannan zango ya koya wa 'yan aji huɗu zuwa shida waɗannan ƙa'idoji, domin su ne ake aike sayen mai, su ne ake bari da inji a lambu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu, shugabannin makarantu su gabatar da maganar a taron iyaye da malamai, su kuma nemi limamai da masu unguwanni su taya mu isar da ita. Na uku, mu fara da kanmu: yau in mun koma gida, kowa ya duba inda galan ɗin mansa yake, da inda janaretansa yake kwana.

Yaron da muka ambata a farko ya warke, yanzu yana rubutu, amma tabon yana nan a bayan hannunsa, muna ganinsa duk ranar da ya ɗaga hannu zai amsa tambaya. Allah ya kare mu da iyalanmu da ɗalibanmu, ya sa albarka a cikin nemanmu.