Kyamarar 4K A Bisa Ma'auni

Jawabin da aka gabatar a zauren taron Ƙungiyar Ɗalibai



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne kyamarar nan ta ɗaukar bidiyo da ake kira 4K, wadda samarinmu masu sha'awar sana'ar fim suke ta ɗokin mallaka. Batun ya cancanci zama, domin a cikinku akwai wanda yake shirin zuba ɗan abin da zai tara a bautar ƙasa, akwai wanda zai ci bashi a gida, akwai kuma ma'aikacin da gobe za a ce ya rubuto wa ma'aikatarsa irin na'urar da za ta saya da kuɗin jama'a. Kowannensu yana bukatar ya san abin da yake saye kafin ya buɗe aljihu.

Da farko, mene ne 4K? Hoton da muke gani a talabijin taron 'yan ɗigogi ne da aka jera sahu-sahu. Talabijin ɗin da muka tashi da ita tana ɗaukar ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye. Wadda ta biyo bayanta, watau HD cikakkiya, tana da 1920 a kwance, 1080 a tsaye, kimanin ɗigo miliyan 2 ke nan. Ita kuwa 4K tana da 3840 a kwance, 2160 a tsaye, watau ɗigo 8,294,400, ninki huɗu daidai na HD. Kamfanin JVC na Japan ya fito da irinta ta riƙewa a hannu a 2012, kuɗinta wajen dala 5,000. A 2014 Sony ya fito da FDR-AX100 a kan dala 2,000. Daga nan farashi ya yi ta sauka, har ta kai wayoyin hannu da yawa suna ɗaukar irin wannan hoto.

To, bari mu fara da alherinta, gama tana da shi.

Na ɗaya shi ne ajiyar tarihi. A 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar a kan zaren silima. Shekaru da yawa bayan haka aka gano zaren a ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin ta ƙasar Jamus a 2018. Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne zaren silima yana riƙe hoto daki-daki. Ku gwada wannan da finafinanmu na bidiyo, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 har zuwa waɗanda suka biyo shi a kan kaset. Kaset ɗin VHS ɗan abin da yake riƙewa kaɗan ne, kuma yana lalacewa da zafi da ƙura. Abin da bai shiga kaset ba tun ranar ɗauka, babu gwanin da zai dawo da shi. Saboda haka wanda zai ɗauki hawan salla, ko naɗin sarauta, ko hira da dattijon da ya ga zamanin Turawa, lalle ya kamata ya ɗauka da mafi kyawun abin da hannunsa ya kai, domin jikokinmu ne za su kalla, da na'urorin da ba mu san irinsu ba tukuna.

Na biyu shi ne sauƙin aiki wajen tace hoto. Tun da ɗigogin sun ninka huɗu, mai tacewa yana iya yanko kashi ɗaya cikin huɗu na hoton, ya kuma sami HD cikakkiya. Ashe mai kyamara ɗaya ya zama kamar mai biyu: ya nuna zaure duka, sa'an nan ya matso fuskar mai magana, alhali kuwa bai motsa daga inda ya kafa ƙafafun kyamararsa ba. Ga mai ɗaukar biki ko taro shi kaɗai, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Na uku shi ne kasuwa. Kamfanin Netflix yana sharɗanta wa finafinan da ya ɗauki nauyin shiryawa a ɗauke su da kyamarorin da ya amince da su, masu kai 4K. Wanda yake hangen irin wannan kasuwa dole ya yi shirinta tun da wuri, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu kuma sai mu juya ga ɗaya gefen sikelin.

Wanda ya sayi doki, sai ya tanadi harawa. Yawancin ƙananan kyamarorin 4K suna rubuta megabit 100 a kowace daƙiƙa, watau gigabait 45 a sa'a guda. Ɗaukar HD a megabit 24 ba ta kai gigabait 11 ba a sa'a. Fim ɗin da aka ɗauki sa'a 30 ana aikinsa zai ci gigabait 1,350, kuma mai hankali ba ya ajiye aikinsa a wuri ɗaya, sai ya ninka wannan sau biyu. Ga katin ajiya mai sauri, ga kwamfuta mai ƙarfin da za ta juya wannan kaya ba tare da ta riƙa cijewa ba, ga wutar da za ta riƙe ta sa'o'i. Duk kayan nan da dala ake shigo da su. Kun san dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023, ta haura naira 1,500 a 2024, ga tallafin man fetur da aka janye a watan Mayu na 2023, wanda ya sa kunna janareto ya zama abin lissafi. Kuɗin kyamara somin-taɓi ne kawai.

Sa'an nan mu tambayi kanmu, wa zai ga wannan kyau? Idon ɗan Adam yana da iyaka. Mai lafiyar ido da ya zauna gaban talabijin mai inci 55, in ya wuce nisan mita 2 da 'yan kai, da ƙyar zai bambance 4K da HD. Mafi yawan masu kallon finafinanmu kuwa a wayar hannu suke kallo, ta YouTube ko ta turawa daga waya zuwa waya. Ko YouTube ya fara karɓar 4K tun 2010, mai sayen data da kuɗin guminsa yakan rage ingancin hoton da kansa domin kada ta ƙare masa kafin fim ya ƙare.

Abu na uku ya fi waɗannan muhimmanci, shi ne yawan ɗigo dabam, kyan hoto dabam. A cikin kowace kyamara akwai ɗan faranti mai karɓar haske. Wanda ake kira mai inci ɗaya ya ninka na ƙananan kyamarori wajen sau huɗu a faɗi. In aka cusa ɗigo miliyan 8 a ƙaramin faranti, kowane ɗigo hasken da zai samu kaɗan ne, da magariba ta yi sai hoto ya cika da tsaki-tsaki. Haka kuma akwai zurfin launi. Wata kyamarar tana rarrabe mataki 256 a kowane launi, wata 1,024. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin aikinmu na kullum shi ne ɗaukar baƙin mutum sanye da farar riga a tsakiyar rana. Kyamarar da ba ta iya riƙe fari da baƙi a lokaci guda, ko dai ta ƙone rigar ko ta binne fuskar, kome yawan ɗigoginta. Bugu da ƙari, 4K ba ta rufa wa kowa asiri. Kwalliyar da aka yi a gaggauce, da gemun da aka liƙa, da bangon kwali, duk sai ta tona su.

Kada kuma mu manta da sauti. Mai kallo yakan yi haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma in iska ko ƙarar janareto ta danne magana, tashi zai yi. Mu al'umma ce mai son zance, finafinanmu a kan magana suka dogara, saboda haka makirfo mai kyau yana gaba da ƙarin ɗigo.

Ga shawarata. Ɗalibin da yake koyo ya fara da abin da ke hannunsa, ko da waya ce, ya sayi makirfo da fitila da ƙafafun kafa kyamara, ya koyi sarrafa haske. In aiki mai tsoka ya samu, ya yi hayar babbar kyamara na 'yan kwanaki, ya sa kuɗin a lissafin mai aikin. Wanda sana'arsa ta kafu, yana da masu biya, ya sayi 4K, amma ya tambayi girman farantinta da zurfin launinta kafin ya tambayi yawan ɗigonta, ya kuma ware kuɗin ajiya da kwamfuta tun farko. Ma'aikacin gwamnati kuwa da aka ɗora wa amanar saye, ya tuna cewa ɗaukar tarihi ta cancanci 4K, amma sai in an tanadi inda za a adana abin da aka ɗauka da wanda zai kula da shi. Sayen na'ura mai tsada a kulle ta a kabad har batirinta ya mutu ɓarnar dukiyar talakawa ce. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Malam Shugaba, waɗanda suka kafa sana'ar fim a Kano da kyamarar kaset suka kafa ta, jama'a kuma suka karɓa domin sun ga rayuwarsu a ciki, sun ji harshensu. Ku da kuka sami kayan aikin da suka fi nasu nesa ba kusa ba, abin da ake jira daga gare ku shi ne labarin da ya kai nasu, cikin hoton da zai daɗe fiye da nasu.