Matsa Iyaka Tsakanin C da D a Faifan Kwamfuta



Da yawanmu mun taɓa buɗe kwamfuta muka tarar layin C ya yi ja, alhali D tana gefe da fili fayau. Windows kan sa wannan jan ne idan abin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Mai gyara ya raba faifan tun ranar saye, ya ba C ɗan kaɗan, sannan sabunta manhaja ta yi ta cin wurin har ya ƙare. Windows 11 kaɗai tana neman gigabait 64 kafin ta yarda ta zauna.

Faifan guda ɗaya ne. Abin da ya raba shi ɗan jadawali ne a farkonsa, mai cewa wannan ɓangare daga nan ya fara, a nan ya tsaya. Tsohon tsarin, MBR, da ya zo a 1983, manyan ɓangarori 4 kawai yake ɗauka, kuma ba ya wuce terabait 2. GPT da ya gaje shi yana ɗaukar 128 a Windows.

Tun daga Windows Vista, a manhajar Disk Management za ka iya rage ɓangare da Shrink Volume ko ka ƙara shi da Extend Volume. To a nan ake yin tuntuɓe. Mutum zai rage D da gigabait 50, ya dawo kan C da murna, sai ya ga Extend Volume ya dushe, ba ya dannuwa. Abin kamar gonar gado ne: idan ƙaninka ya bar maka kunya goma a can ƙarshen gonarsa, ba ka da hanyar haɗa su da taka, tunda shukarsa na tsakani. Windows daga wutsiya take rage ɓangare, kuma ba ta ƙara wa C sai filin da ke manne da ita ta dama.

Mafita biyu ce. Ko dai ka kwashe kayan D zuwa faifan waje, ka share ta, ka faɗaɗa C, ka sake yanka D da ragowar; ko ka tayar da kwamfutar da GParted daga filasha, manhajar kyauta da ke iya ɗaga D gaba ɗaya ta matsa da ita. Ni na fi son ta farko, duk da wahalar kwashe-kwashe. Matsar da farkon ɓangare yana nufin kwafe duk abin da ke ciki zuwa sabon wuri, aikin da kan ɗauki sa'o'i a faifai mai juyawa. A ce an ɗauke wuta ana tsakiyar haka, rabin fayil na can, rabi na nan. A garuruwanmu kuwa ɗauke wuta ba baƙo ba ne, don haka kada wanda ya fara da batirin da ba ya riƙe caji.

Wani lokacin ragewar ma takan ƙi. C na da fili mai yawa, amma Windows ta ce ɗan kaɗan za ta saki, saboda akwai fayilolin da ba ta iya ɗagawa tana aiki, irin su pagefile.sys da hiberfil.sys. A kashe su na ɗan lokaci, a rage, a mayar.

Ƙaramin ɓangaren Recovery, na farfaɗo da Windows, kuma a bar shi, ko da shi ne ya tare hanya. A Janairun 2024 wata sabuntawar Windows 10 ta ƙi shiga kwamfutoci da dama don wannan ɓangaren ya yi kaɗan, har Microsoft ta ce a yanko masa megabait 250 daga C. Wanda kuma faifansa ke kulle da BitLocker, ya rubuta lambobin nan 48 na buɗewa a takarda kafin ya taɓa komai.