Ciwon Noma: Kada a Ɓoye Yaron, Kada a Ware Masa Kwano



A shekarar 2012 wata marubuciya 'yar Amurka, R. J. Palacio, ta fitar da littafin yara mai suna Wonder. Labarin August ne, yaro ɗan shekara 10 wanda aka haifa da fuska daban da ta sauran yara. A gida aka yi ta koya masa karatu, kuma ranar da ya shiga makaranta, abin da ya fi ƙona masa rai shi ne gudun zama kusa da shi da yara suka yi a wurin cin abinci. Ƙagaggen labari ne, amma mu ma muna da irin waɗannan yara, waɗanda ciwon noma ya bar wa tabo.

Wannan noman ba na gona ba ne. Ciwo ne mai cin naman baki da kumatu, kuma ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ta raunana, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Yakan fara da kumburin dasashi mai zubar da jini, da warin baki mai tsanani, da dalalar miyau, yaro ya ƙi abinci. Daga nan kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki ya yi baƙi ya ɓule. Idan ba a yi magani ba, yara kusan 9 cikin 10 suna rasuwa. Alhali tun yana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi.

Saboda haka, uwa, duk ranar da kika auna damtsen ɗanki, ki buɗe bakinsa ki duba. Ki riƙa wanke masa baki da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri bayan ya huce. Kin ga jini ko kin ji wari, ki kai shi likita a ranar, kada ki jira ranar kasuwa. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne.

Yaron da ya warke kuwa, aikinmu a kansa bai ƙare ba. Sau da yawa muƙamuƙinsa kan riƙe, ba ya iya tauna, abinci yana zubowa. Sai kunya ta sa a ajiye shi a ɗaki, a ba shi nasa kwano shi kaɗai. Yaron da yake ci shi kaɗai ba ya ci da yawa, kuma ba mai ganin abin da ya rage. Ta nan tamowa take komowa. Zama kusa da shi ba ya sa a ɗauki ciwon. A dama masa kunu da garin gyaɗa ko na wake, a murƙushe masa ƙwai da kifi, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, a tabarma ɗaya da 'yan'uwansa. Wanda ya kira shi da sunan tabonsa, babba ko yaro, a kwaɓe shi nan take.

Gyaran fuskar ma yana yiwuwa. Ƙungiyar Sentinelles tana da cibiyar kula da irin yaran nan a Damagaram, kuma a Sakkwato akwai asibitin noma tun 1999, inda ake yin aikin kyauta. A watan Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Amma likitan fiɗa ba ya taɓa yaro mai rama, sai ya murmure.

Masu faɗakarwa, in kun shiga gida ku tambayi yara nawa ne, sannan ku ƙirga waɗanda kuka gani a tsakar gida. In lissafi bai cika ba, ku nemi izinin maigida cikin ladabi ku gaisa da na ɗaki, ku auna shi, ku sanar da shugaban likita.