Yadda Tsiro Yake Kare Kansa Daga Cuta

Wannan jawabi na 'yan kasuwar Agege ne da na Mile 12, masu sauke tumatir daga Arewa, amma manomin Kadawa ma yana da rabo a ciki.

Tsiro ba shi da ƙafar gudu, sai dai Allah ya hore masa 'yan aike a jikinsa, watau sinadaran da masana ke kira homon. In ƙwayar cuta ta kama ganye guda, tsiron yakan ƙara yin sinadarin salisilik, gargaɗi ya kai har ganyayen da cutar ba ta taɓa ba, su yi ɗamara. A 1979 wani masani a Rothamsted ta Ingila, R. F. White, ya sa wa taba asfirin, ta ƙara juriya ga cutar da ke dabbare ganyenta. A 1990 kuma aka tabbatar taba da kokwamba suna yin sinadarin da kansu. Asfirin ɗin nan na ciwon kai, wanda kamfanin Bayer ya haɗa a Jamus a 1897, daga salisilik aka sarrafa shi. Maganin mutum, ashe, garkuwar tsiro ce tun fil azal. To, amma kada a jiƙa asfirin a fesa wa gona ba da shawarar malamin gona ba, don yawansa yana ƙona ganye.

In tsutsa ce ta ci ganye, sinadarin jasmonik ke tashi, ya sa tumatir ya tara abin da ke hana ta narkar da abinci. Wannan kariya tana da iyaka. A 2016 tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin Kano da Kaduna, kuɗin kwando ya yi tashin gwauron zabo a Ikko.

Na uku, etilin, shi ya fi shafar aljihun ɗan kasuwa. Iska ce da tumatir ke fitarwa, wanda ya ji rauni kuwa ya fi fitar da ita. Ita ke gaggauta nunar na kusa da shi, su yi laushi, ruɓa ta sami ƙofa. Saboda haka kada a danƙara kwanduna a mota har na ƙasa su fashe, kada kuma a rufe su inda iska ba ta ratsawa. Da an sauke kaya a tsince fasassu a ware, kamar yadda fataken goro na Agege ke kwance huhu su fid da mai sankara.