Sulke Da Lifidi: In Za Mu Yi, Mu Yi Na Asali

(Jawabin da aka gabatar a madadin 'yan kasuwa, a taron ƙungiya na shirin hawan Sallah, a Katuzu)

 



Kamar yadda kowa ya sani, ƙungiya ta yanke shawara cewa mu ma Hausawan Katuzu mu fitar da mahayanmu cikin sulke da lifidi idan hawan Sallah ya zo, kuma har an fara tara gudummawa. To, mu 'yan kasuwa an ce mu faɗi albarkacin bakinmu kafin a taɓa kuɗin, tunda mu ne za a aika sayayya. Maganarmu guda ɗaya ce: idan za mu yi kayan nan, mu yi su yadda kakanni suka yi su, ko da kuwa kaɗan za mu samu. Mahaya biyu cikin kayan asali sun fi goma cikin kayan soso da leda.

Bari mu fara da inda abin ya samo tushe, domin wanda bai san asalin abu ba, kowane dillali sai ya sayar masa da jabu. Almajiran cikinmu sun san cewa a Suratu Saba'i an ambaci yadda Allah Ya tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe, Ya umarce shi da ƙera sulke, kuma Ya umarce shi da ya daidaita gwargwadon zobban. Ke nan tun daga can, aikin sulke aiki ne na awo da natsuwa. Haka kuma ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa sulke biyu ranar Uhudu.

A ƙasar Hausa kuwa, littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, saboda asarar mutane da aka yi masa a wajen yaƙi. Ku lissafa, yau fiye da shekara 600 ke nan. A gabas da mu kuma, a cikin watan Fabrairu na 1823, wani Baturen Ingila mai suna Denham ya iso kusa da Kukawa, sai dakarun Shehu Laminu suka taryo shi. Ya rubuta cewa ya ga mahaya sanye da sulke tun daga wuya har gwiwa, an tsaga shi ta yadda zai sauka a gefe biyu na doki, kuma an tsare kawunan dawakin da faifan ƙarfe da tagulla da azurfa. Littafinsa ya fito a 1826, da zanen mahayan a ciki. Wannan sheda ce ta ido, kuma tana da amfani gare mu, domin Borno maƙwabciyarmu ce. Kada mu manta, a nan Nguru Galadiman Borno ya zauna yana tsaron yammacin daular.

Su kuma masu masaukinmu Badawa, ƙasarsu tana tsakanin Borno da Haɗeja, kuma ba a kan tabarma suka riƙe ta ba. Lawan Babuje ya kewaye Gogaram da ganuwa a farkon ƙarni na 19, daga nan suka yi ta kare kansu, har zuwa shekarun 1940 da fada ta dawo Gashuwa. Saboda haka, 'yan'uwa, mutanen da za mu fita a gabansu sun san doki, sun san kayan yaƙi. Da yawa daga iyayenmu fatauci ne ya kawo su wannan yanki, musamman bayan da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, aka shiga cinikin gyaɗa da ƙaro da fata da kifi. An karɓe su hannu bibbiyu. In za mu nuna gadon gidanmu a gaban Mai Martaba Mai Bade da jama'arsa, bai kamata mu nuna abin da dattijon Babade zai kalla ya kau da kai ba.

Yanzu mu zo kan aikin kansa. Sulke riga ce ta zobban ƙarfe. Maƙeri zai samu waya, ya naɗa ta a jikin sandar ƙarfe kamar yadda ake naɗa zare a mazari, sannan ya yanka ta zobe-zobe. Kowane zobe yana ratsa zobba huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, haka ake ta saƙawa har riga ta tashi. Riga guda takan ci zobba dubu 20 zuwa dubu 30, nauyinta kuma wajen kilo 10. Wanda ya ce zai gama maka ita cikin mako guda, to, ka riƙe kuɗinka.

Ga inda bambancin yake, kuma muna roƙon samari su saurara da kyau. Zobban iri biyu ne. Akwai wanda ake haɗa bakinsa kawai da awartaki a bar shi haka. Wannan ya fi sauƙi, ya fi araha, amma da doki ya yi sukuwa sau biyu sau uku, nauyin rigar da kansa zai fara buɗe zobban a kafaɗa da hammata. Akwai kuma wanda ake ɗora bakin a kan juna, a buga shi ya yi faɗi, a huda, a sa 'yar ƙusa ƙarama kamar ƙwayar gero, a danne. Wannan shi ne sulken yaƙi na gaske. A tsofaffin riguna sau da yawa za ka ga layi ɗaya mai ƙusa, layi ɗaya zobe rufaffe wanda ba shi da baki sam. Mafi kyawun irin waɗannan fatake ne suka riƙa ƙetaro Sahara da su daga wajejen Masar, shi ya sa sulke ya zama kayan sarakuna da manyan barade. A 1964 wani masani mai suna Bivar ya wallafa littafi guda a kan makaman masarautun Arewa, bayan ya duba irin waɗannan riguna da idonsa.

Shawararmu a nan ita ce, kada a yi amfani da farar wayar shinge mai ƙyalli, balle ta gorar ruwa, domin kakanni ba su san su ba, kuma daga nesa ake gane su. A nemi wayar baƙin ƙarfe. A ba maƙeranmu dama su fara da ɗan yanki kamar faɗin tafin hannu, mai ƙusa, a kawo wa dattawa su gani. In hannunsu ya faɗa, a ba su riga ɗaya. Akwai masu ƙera sulke mai ƙusa a Indiya suna sayar wa duniya, kuma in an matsu ana iya yin oda, amma kuɗin da ya tafi can ya tafi ke nan. Wanda aka ba maƙerin unguwa kuwa, ya bar mana sana'a a gida.

Sai lifidi. Shi lifidi ɗinki ne, aikin maɗinka. Ana shimfiɗa ƙyalle biyu masu kauri, a cusa audugar rimi ko auduga a tsakani, a bi da allura layi-layi a matse, don kada cushen ya zube wuri guda. A samansa ake jera ƙananan ƙyallaye masu kusurwa uku ko huɗu, ja da rawaya da shuɗi da fari. Akwai na mahayi, akwai na doki, kamar ɗan gaba mai tsare ƙirji da bantan doki mai rufe baya. Amfaninsa a da shi ne tare kibiya, musamman mai dafi, ta maƙale a cikin audugar ba ta kai ga fata ba. Aibinsa kuma nauyi da wuta. 'Yan lifida sai an kama musu suke hawa, in ɗayansu ya faɗi da ƙyar yake tashi, kuma abokan gaba sukan harbo kibiya mai wuta. Don haka ingarman doki ake zaɓar musu, su tsaya kusa da sarki.

Mun san abin da wasu za su ce: soson katifa ya fi araha, kuma in an rufe shi da yadi wa zai gani? To, doki zai gani a jikinsa. Kowa a nan ya san zafin Gashuwa a bazara. Soso ba ya shan iska, yana tara gumi, ya dafa bayan dabba, kuma bayan shekara biyu ko uku sai ya fara marmashewa. Audugar rimi ba ta da nauyi, ba ta riƙe ruwa, in ta kwanta a buɗe ɗinki a sheƙa ta a mayar. Mu 'yan kasuwa mun san araha ba ta ado. Abin da za ka saya sau uku, ai ya fi wanda za ka saya sau ɗaya tsada.

Haka sauran kaya. Kwalkwali a yi shi da ƙarfe ko tagulla, a yi masa cushe daga ciki, a kafa gashin jimina a bisa. Hular kwanon masu babur da aka shafa wa fenti ba ta cikin lissafi. Babbar garkuwa a da da fatar warwaji ake yin ta. Yau wannan dabba ta ƙare a dazukanmu, saboda haka kirgin sa mai kauri ya wadatar, kuma ba wanda zai zarge mu. Kuben takobi da linzami da majayi da sauran kayan fata a kai wa dukawa, a ce musu jimar bagaruwa muke so, jan kuma na karan dafi. Riga da wando da rawani a nemi saƙin hannu da rinin baba, irin wanda har yanzu ake yi a marinar Ƙofar Mata a Kano. Mu tsayar da zamani guda, wato kafin 1903 da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, duk abin da bai wanzu a lokacin ba a ajiye shi a gida. Ba zif, ba maɓallin roba, ba takalmin ƙwallo. Ku kuma samari, Allah Ya yi muku albarka, baƙin tabarau da agogon hannu su haƙura na yini ɗaya.

Kada wani ya ɗauka tsanani ne muka ƙirƙiro. A Ingila akwai ƙungiyoyi da ke taruwa suna kwaikwayon yaƙin Hastings na shekarar 1066 a filin da aka yi shi, kuma kafin mutum ya shiga sahu sai an duba kayansa an tabbatar sun dace da zamanin. Su daga littattafai da abin da aka tono a ƙasa suke koyo. Mu kuwa namu bai yanke ba, an gan shi a babban hawan da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, an kuma gan shi a hawan FESTAC na 1977. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Abin da baƙi ke tsallako teku su kalla, mu da muke da shi a gida bai dace mu yi masa riƙon sakainar kashi ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi damunmu. Akwai gidaje a cikinmu da a garuruwanmu na asali da ke da tsohon sulke ko takobi ko likkafa a ƙarƙashin gado. Dillalai suna zagayawa suna saye da kuɗin da bai kai na buhun gero ba, kuma abin da ya fita ba ya dawowa. Ku sani, doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje ba da izni ba. Bayan doka ma, waɗannan tsofaffin kaya su ne malaman maƙeranmu. Mai sulke ya goge tsatsarsa da rairayi, ya shafa mai kaɗan, kada ya yi masa fenti. Mai lifidi ya rataye shi nesa da ƙasa saboda gara da ɓera da laimar damina.

Daga ƙarshe, ga abin da muke roƙon taro ya amince da shi. Na ɗaya, a kafa kwamiti mai ɗauke da maƙeri da baduku da maɗinki da dattawa biyu masana doki. Na biyu, a tura su Kano su duba kayan da ke Gidan Makama, su zauna da masu wannan sana'a a cikin birni, su dawo da awo da zane. Na uku, kafin a yanka ƙyalle ko ɗaya, shugabanni su je fada su yi gaisuwa, su nemi izni, su tambayi inda ya dace mu tsaya a jerin hawa da irin shigar da aka keɓe wa masu sarauta, don kada mu sa abin da ba namu ba. Baƙo ko ya shekara ɗari, ba ya gaban mai gida. Na huɗu, a bana a tsaya kan mahaya biyu, a rubuta kowane kwabo a littafi, a karanta a taro. Na biyar, kowane mai sana'a da aka ba aiki ya ɗauki yara biyu su koya a hannunsa, kuma a fara saba wa dawakin da kayan tun da sauran lokaci.

In muka bi haka, baɗi sai mu ƙara biyu, sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ja zamanin Mai Martaba, Ya ƙara mana zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya sa albarka a kasuwanninmu da gonakinmu, Ya nuna mana Sallah lafiya.