Jawabi Kan Ɗakin Karatun Manya Da Za A Buɗe A Sabo

 

An ce in yi magana a kan ɗakin karatun da muka tara wa kuɗi. Ni ɗan kasuwa ne, kuma a wurinmu ba a sayen huhun goro sai an kwance an duba cikinsa. Saboda haka ina roƙon kwamiti, kafin a taɓa kuɗin jama'a, mu fara yarda da ma'aunin da za mu auna ɗakin nan da shi.

Tun 1916 aka kafa Sabon Ibadan, kuma iyayenmu sun yi fatauci da ajami da lissafin ka, ƙwaryar goro ɗari ce, kowa ya sani. Yau abin ya sauya. A 2007 aka cire ajami daga takardar naira 5, 10, 20 da 50. Da aka yi ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, ciniki ya koma waya, mutum ya sayar da kaya, yaro ne zai karanta masa ko kuɗi sun shiga. In yaron ba ya nan, ko saƙon na bogi ne, to, uwar kuɗi ta tafi. Don wannan mutumin za a buɗe ɗakin.

To, na ji ana murna an ba mu kwalaye cike da littattafai. Allah ya saka wa masu bayarwa. Amma jama'a, tsofaffin littattafan Turanci na jami'a, me za su yi wa dattijon da bai haɗa baƙi da wasali a boko ba? Kada mu auna da yawa. A nemo na Hausa masu manyan baƙaƙe, da masu ajami gefe guda boko gefe guda, domin wanda ya yi allo ba jahili ba ne, gada kawai yake bukata. A sa Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, don wanda ya fara iyawa ya sami abin da zai ja shi ya dawo. Haka aka yi zamanin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950: ana koyarwa, ana kuma buga ƙananan littattafai a Zariya don kada karatun ya zube. Kuma don Allah kada a ba mai furfura littafin 'yan aji ɗaya mai hoton ƙwallo. Kunya za ta kore shi.

Lissafi kuwa, a koyar da na kasuwa: rasit, kuɗin mota, la'adar dillali, littafin bashi, da duba saura a waya.

Sai lokaci. Ɗakin da ake rufewa ƙarfe huɗu na ma'aikatan gwamnati ne. Mu sai bayan Isha'i muke da sarari, don haka a tanadi fitilar sola tun kafin a sayi kanta. Mata a ware musu hantsi, da malama mace, in ba haka ba mazajensu ba za su bari ba, mun san kanmu. Mai kula da ɗakin kuma ya zama mai haƙuri da riƙe sirri, a yanka masa albashi, kada a ce sai ladan Allah.

Shawarata ta ƙarshe, bayan wata shida kwamiti ya kawo mana rahoto: mutum nawa suka shiga, nawa suka daina zuwa da dalilinsu, nawa ke iya rubuta sunansu a banki su karanta saƙon kuɗinsu da kansu. A kuma rubuta wa hukumar ilimin manya ta Jihar Oyo a ji ko za su taimaka da malami. Takardar masu son shiga tana hannun sakatare a bakin ƙofa.